Darasi na Tara: Dokar Sayar da Antibayotik, da Abin da Ya Shafe Mu a Ciki

A wannan darasi za mu karanta game da magungunan da ake kira antibayotik, da dokokin da gwamnatin Najeriya ta kafa a kansu. Ku karanta a hankali. Wanda ya riga ya gama sakin layi ya jira 'yan'uwansa, sannan a tattauna kafin a wuce gaba.

Mene ne antibayotik?

Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Wasu daga cikinsu ana kiransu bakteriya. Su ne ke kawo taifod, da kwalara, da tarin fuka, da ciwon sanyi, da ruɓewar rauni. Maganin da ke kashe bakteriya shi ne antibayotik. Kun san da yawa daga cikinsu ko da ba ku san wannan suna ba: kafson nan ja da yalo, da ja da baƙi, da Ampiclox, da Septrin, da Flagyl. Duk 'yan gida ɗaya ne.

Akwai kuma wata irin ƙwayar cuta da ake kira bairos. Ita ce ke kawo mura, da ƙyanda, da yawancin tarin da ke zuwa lokacin hunturu. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Mai mura da ya sha kafso goma, murarsa za ta tafi ne a ranar da da ma za ta tafi. Kuɗinsa kawai ya ɓata, kuma ya jawo wata illa da za mu gani yanzu.

Yadda ƙwayar cuta ke bijire wa magani

Manoman da ke cikin ajin nan sun san abin da ke faruwa a gonar wake. Idan aka tsinka maganin feshi da ruwa fiye da ƙa'ida, ƙwari masu rauni su mutu, masu taurin rai su tsira. Waɗanda suka tsira su ne za su hayayyafa. Baɗi sai ka fesa maganin nan dai, ka ga ƙwarin ko gezau.

Haka abin yake a jikin mutum. Duk lokacin da aka sha antibayotik, bakteriya masu rauni su mutu, 'yan kaɗan masu juriya su rage. Idan an sha shi ba gaira ba dalili, ko an sha rabi an bari, ko maganin jabu ne mai ƙarancin ƙarfi, masu juriyar nan sai su samu fili su yawaita. Daga nan su bi hannu, su bi ruwan sha, su bi bayan gida, su shiga jikin wani. A kula da kyau: ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce ta sauya. Shi ya sa jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa shan komai ba sai nono, zai iya kamuwa da cutar da allurar asibiti ba ta ji.

Wannan ba sabon labari ba ne. Wani likitan bincike ɗan Birtaniya, Alexander Fleming, shi ya gano antibayotik ɗin da ake kira fenisilin a 1928. A 1945 ya yi gargaɗin cewa ranar da kowa zai iya sayen maganin a shago yana shan abin da bai kai ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta za su koyi jure masa. Mu ma mun gani da idonmu a kan zazzaɓin cizon sauro, duk da cewa ba bakteriya ke kawo shi ba. Dattawan ajin nan sun tuna lokacin da kulorokwin ke sauke zazzaɓi cikin kwana uku. A hankali ya daina aiki, har gwamnati ta sauya shi da haɗin magungunan da ake kira ACT wajen shekarar 2005. Magani mai araha ya kuɓuce mana, muka koma mai tsada.

Wani babban bincike da aka yi a kan shekarar 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Yankin da abin ya fi tsanani, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta mutum 64,500 a wannan shekara. Da yawa daga cikinsu ƙananan yara ne.

Me ya kawo gwamnati cikin maganar?

Wani zai ce: "Kuɗina ne, jikina ne, ina ruwan hukuma da abin da na sha?" Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa. Idan mutum ya sha farasitamol fiye da kima, kansa ya cuta. Amma idan ya sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayar da ya horar ba za ta tsaya a jikinsa ba. Za ta kai ga matarsa, da 'ya'yansa, da maƙwabcin da suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya. Ƙarfin antibayotik dukiya ce ta jama'a duka, kuma kowa na iya rage ta. Abin da yake na kowa, idan ba doka, ƙarewa yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kowace ƙasa ta sa antibayotik cikin magungunan da ba a sayarwa sai da takardar likita.

Hukumomin da ya kamata mu sani

Ta farko ita ce NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993. Aikinta shi ne maganin kansa: wa ya yi shi, me ke cikinsa, ya kai ƙarfin da aka rubuta a kwali ko bai kai ba. Duk maganin da ta amince da shi tana ba shi lambar rajista, kuma dole a buga lambar a jikin kwalin. Mutane da yawa sun fara sanin hukumar ne zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008 ta kuma yi fama da masu shigo da jabun magani.

Jabun magani yana da alaƙa ta kusa da darasinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Kafson da aka rage wa ƙarfi ya fi wanda babu komai a cikinsa haɗari ta wannan fuska, domin yana taɓa ƙwayar cutar bai kashe ta ba.

Ta biyu ita ce PCN, majalisar kula da harkar harhaɗa magunguna, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Ita ba maganin take duba ba, mai sayarwa take duba da shagonsa. Ita ke ba da lasisi. A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba su sani ba. Shagon magani iri biyu ne. Akwai famasi, inda ƙwararren mai harhaɗa magunguna da ya yi jami'a yake. Shi doka ta yarda ya ba da antibayotik idan an kawo masa takardar likita. Akwai kuma ƙaramin shagon da muke kira kemis. Mai kemis lasisinsa ya tsaya ne ga wani jeri na magungunan yau da kullum, irin su maganin ciwon kai, da na zazzaɓin cizon sauro, da garin ruwan gishiri da sukari. Yawancin antibayotik ba sa cikin wannan jeri. Lasisin kemis kuma bai ba shi izinin yin allura ko ƙarin ruwa ba.

Ta uku ita ce NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa. Ita ke tattara sakamakon gwaji daga manyan asibitoci don a san wace ƙwaya ce ta daina jin wane magani. Ita kuma ta jagoranci rubuta shirin ƙasa na yaƙi da wannan matsala, na farko daga 2017 zuwa 2022, na biyu daga 2024 zuwa 2028, tare da ma'aikatun lafiya, da noma, da muhalli.

Akwai kuma wata doka ta 1999 a kan jabun magunguna. Ta hana sayar da magani a kasuwa, da tasha, da bakin titi, da cikin mota. Ke nan mai yawo da faranti ko kwali a ka, da mai tashi tsaye cikin bas yana tallar kafso, dukkansu sun saɓa doka, kuma hukuncin ya haɗa da tara ko ɗauri. Dalilin a fili yake. Magani yana lalacewa a rana. Kafson da ya wuni a kan faranti cikin zafin watan Afrilu, ko da na gaske ne daga kamfani, ba lallai ya rage da ƙarfinsa ba.

Karatun tattaunawa

Mutum biyu su tashi. Ɗaya ya karanta maganar mai kemis, ɗaya ta uwar yaro.

Uwa: Salamu alaikum. Malam, ina wuni?

Mai kemis: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Hajiya. Ya gida, ya yara?

Uwa: Alhamdu lillahi. Autana ne dai yake zawo tun jiya. A ba ni Flagyl na ruwa da ja da yalo guda huɗu.

Mai kemis: Allah ya ba shi lafiya. Akwai jini a zawon? Yana shan nono?

Uwa: Babu jini. Yana sha, sai dai ya yi laushi.

Mai kemis: To Hajiya, abin da yake buƙata yanzu shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki ta kwana goma. Ga su. Yawancin zawon yara ba ya buƙatar waɗancan da kika ambata. Ja da yalo ma ba a ba ƙaramin yaro, yana ɓata haƙora.

Uwa: Haba Malam, ai da kuɗina zan saya. Wancan karon shi na ba yayansa.

Mai kemis: Ki yi haƙuri, Hajiya. Lasisina bai ba ni ikon sayar da su ba, kuma ko da ya ba ni, ba na son in cuci yaron. Idan kika ga jini, ko ya ƙi shan nono, ko idonsa ya faɗa, ko zazzaɓi ya taso, kada ki jira gari ya waye. Ki kai shi asibiti. Idan suka ga yana buƙatar antibayotik za su rubuta miki.

Uwa: To shi ke nan. Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri.

Mai kemis: Amin, Hajiya. A gaida maigida.

Ku tsaya nan ku tattauna. Mai kemis irin wannan ya yi asarar ciniki. Mai yiwuwa ma uwar ta wuce shago na gaba a ba ta abin da take so. Wa ya kamata ya hana hakan?

Inda dokar ke tangarɗa

Dole a faɗi gaskiya a wannan aji: dokokin nan suna nan a rubuce, amma a yawancin garuruwanmu kowa na iya shiga kemis ya ce "a haɗa min na ɗari biyar", a zuba masa kala huɗu a leda ba suna ba bayani. Ba don mutane ba su da hankali ba ne. Ƙauye da yawa ba su da likita ko famasi. Kemis shi ne asibitinsu. Wanda zai je babban asibiti sai ya biya kuɗin mota, ya yanki kati, ya bar sana'arsa wuni guda, ya biya kuɗin gwaji, sannan ya sayi magani. Mai sayen kafso huɗu maimakon goma sha biyar sau da yawa abin da ke aljihunsa ke nan.

Saboda haka hana sayarwa kaɗai ba zai wadatar ba. Idan gwamnati ta ce ba antibayotik sai da takarda, wajibi ne ta kawo mai rubuta takardar kusa da jama'a. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa ya kasance da ma'aikaci da magani. Gwaji ya yi araha. Ina jaddada maganar gwaji, domin a nan muke asara mai yawa. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana biyu sai a ce "maleriya da taifod", a haɗa wa mutum antibayotik. Gwajin Widal da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana yawan nuna taifod ga wanda ba shi da ita. Gwajin da ya fi tabbas shi ne wanda ake renon ƙwayar cutar daga jini, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Yaran da ke mutuwa don ba su samu antibayotik a kan lokaci ba su ma hakki ne a wuyan hukuma, daidai da waɗanda ke mutuwa don maganin ya daina aiki. Doka mai kyau tana duban ɓangarorin biyu.

Duk da haka ana motsawa. A Kano, shekara da shekaru ana cinikin magani na sari a Sabon Gari cikin zafi da cunkoso, ba mai iya bin diddigin inda kaya suka fito. An gina cibiyar sarin magunguna a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda jami'an NAFDAC da PCN ke da ofis a ciki. A watan Fabrairun 2024 hukumomin biyu suka rufe shaguna fiye da dubu a Sabon Gari don tilasta komawa can. 'Yan kasuwa da dama sun koka da tsadar haya da wahalar tashi, kuma kukansu abin saurare ne. Amma kemis ɗin ƙauyukan Kano, da Jigawa, da Katsina, har da ƙetaren iyaka, daga Kano suke saro kaya. Idan aka tsabtace tushen, kowa ya amfana. A farkon 2025 an yi irin wannan samame a kasuwannin magani na Onitsha, da Aba, da Idumota a Legas.

Wasu ƙasashe sun bi wasu hanyoyi. A Indiya, tun 2016 ake buga jan layi a bayan fakitin magungunan da ba a sha sai da takardar likita, don wanda bai iya karatu ba ya gane da ido. Dabara ce mai sauƙi da za ta dace da mu.

Tarin fuka

Wannan cuta ta nuna yadda abin ke kasancewa idan gwamnati ta riƙe magani da kanta. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya. Ana shan maganin wata shida ba fashi, ana kuma sa wani ya riƙa lura da marar lafiya. Bayan wata ɗaya ko biyu mutum yakan ji ƙarfi, tari ya lafa, sai ya ga kamar ya warke. Idan ya bari a nan, cutar na iya dawowa a matsayin wadda ba ta jin magungunan farko, kuma irin ta zai shafa wa iyalinsa. Maganinta ya fi wahala, ya fi tsada. Duk wanda ya yi tari sama da mako biyu ya je a gwada shi. Kada ya fara da kemis.

Kaji, shanu da awaki

Magungunan da muke sha, irinsu ake ba dabbobi. Mai kiwon kaji yakan zuba garin antibayotik a ruwansu kullum, ba don suna ciwo ba, sai don su yi saurin girma. Makiyayi yakan sayi allurar antibayotik da ake kira oksitetrasaikilin a kasuwar kara ya tsira wa saniya da kansa, gobe a tatsi nono a kai kasuwa. Ƙwayoyin da suka bijire a cikin dabba suna fitowa ta kashi, su shiga taki, su shiga ruwa, su iso gare mu. Ragowar maganin kuma yana zama a nono, da ƙwai, da nama.

Ƙasar Suwidin ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta bi sahu a 2006, kuma kiwo bai durƙushe a can ba. A nan gida NAFDAC ce ke rajistar maganin dabbobi, likitan dabbobi kuma shi ya kamata ya ce a ba da wane, nawa, kwana nawa. A jikin kowace kwalba ta gaske an rubuta kwanakin da za a jira bayan an gama ba da magani kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Kwanakin sun bambanta daga magani zuwa magani. Ku karanta, ko ku sa a karanta muku.

Amfani da karatunmu a shagon magani

Yanzu da kuka iya haɗa baƙi, akwai abubuwan da za ku duba da kanku. Ku ɗaga kai ku nemi takardar lasisin PCN a bango, ku ga ko ta wannan shekara ce. A jikin kwali ku nemi inda aka rubuta NAFDAC da lamba a gabansa. Ku nemi haruffa uku, EXP, wato ranar da magani zai lalace. Idan an rubuta EXP 08/2027, yana nufin watan takwas, Agusta, na shekarar 2027. A kwalayen antibayotik da na zazzaɓin cizon sauro da yawa akwai wani ɗan fili mai ruwan azurfa irin na katin waya. Ku kankare shi, ku tura lambar da ta fito zuwa gajeriyar lambar da aka buga a gefe. Saƙon kyauta ne, kuma amsa za ta zo ta ce na gaske ne ko a'a. NAFDAC ta fara wannan tsari a 2010.

Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta muku antibayotik, ku tambaye shi sau nawa a rana, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa. Ku sha yadda ya ce. Kada ku ajiye ragowa don wata rana, kada ku ba maƙwabciya don ciwonta ya yi kama da naku. Idan kuɗin bai kai na cikakken magani ba, ku faɗa masa a fili. Sau da yawa akwai wani mai araha da ke aiki iri ɗaya. Idan kuma kuka ga ana sayar da maganin da ya lalace ko marar lamba, ku sanar da ofishin NAFDAC na jiharku, ko kwamitin lafiya na mazaɓa, ko mai unguwa.

Tambayoyi

1. Me ya sa antibayotik ba ya maganin mura?
2. Wace hukuma ce ke ba magani lamba, wace ce ke ba shago lasisi?
3. Faɗi bambanci tsakanin famasi da kemis.
4. A tattaunawar da muka karanta, waɗanne alamu ne mai kemis ya ce idan an gani a garzaya asibiti?

Lissafi

Likita ya ce a sha kafso 1 sau 3 a rana har kwana 5. Kafso nawa za a saya? Idan mutum ya sayi 6 kawai, kwana nawa za su yi masa, kuma nawa suka rage ya cika?

Aikin gida

Kowa ya duba gidansa ya zo da kwalin magani guda ɗaya, ko na mutum ko na dabba. Ya kwafe sunan maganin, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa a littafinsa. Wanda ya samu kwalin da ba shi da ɗaya daga cikin ukun nan ya kawo shi aji mako mai zuwa, mu duba shi tare.